Kaskon gida ko odar gidan abinci: yadda na auna girke-girken Asiya ɗaya bayan ɗaya

Tun bayan ƙaramar Sallah 'yata ta fari ta buɗe mini sabon babi a kicin. Kusan kullum bayan Isha'i sai ta miƙo mini waya: "Umma, kalli wannan, minti goma kacal an gama." Yau soyayyiyar shinkafa irin ta 'yan Sin, gobe kaza mai jar miya mai sheƙi irin ta Koriya, jibi kokwamba da aka yayyanka aka girgiza a roba da man barkono. Ƙannenta kuwa nasu ra'ayin daban, su dai a bar wahala a buga waya a yi oda. Da gardama ta yi yawa sai na yanke cewa duk abincin da ya ja hankalinmu za mu bi shi ta hanya biyu: mu dafa a gida aƙalla sau biyu, mu kuma saya a wajen masu sayarwa. Wata bakwai muka yi muna haka a nan Kano, ga kuma ɗan abin da nakan ɗanɗana a Abuja idan aiki ya kai ni.

Abin da na fito da shi shi ne, kowane abinci da tasa amsar. Wanda sirrinsa ƙarfin wuta ne ko ƙwarewar hannu, saye ya fi, in dai kin tabbatar da abin da ke cikin tukunyar. Wanda sirrinsa kayan haɗi ne da haƙuri, kicin ɗinki ya fi nesa ba kusa ba. Akwai kuma guda ɗaya da na haƙura da shi ta kowace hanya.

Maganar wuta

Da soyayyiyar shinkafa muka fara, domin ita kowa ke ɗauka mai sauƙi. Ba irin tamu ta biki nake nufi ba, mai kori da hanta da koren wake. Ta 'yan Sin farar shinkafa ce da ta kwana ta bushe, sai ƙwai, lawashi, ɗan nama ko jatan lande, da soya sos kaɗan, wato baƙin ruwan ɗanɗano na waken suya. Kayan ba su da yawa, amma wadda muka saya tana da wani ƙamshi kamar na hayaƙi mai daɗi wanda tamu ba ta da shi ko alama. Mutanen Kanton da ke kudancin Sin suna da suna na musamman ga wannan ƙamshi, suna ce masa wok hei, wato numfashin kasko. Yana fitowa ne idan mai ya yi zafi har ya fara hayaƙi, mai girki ya watsa shinkafar sama, ɗigon man ya haɗu da harshen wuta ya kama na ɗan lokaci. Murhun da gidajen abinci ke ɗora wannan kasko a kai yakan ninka kan gas ɗin gida sau goma a ƙarfi, wani ma ya fi haka. Wanda ya taɓa leƙa irin wannan kicin ya san ƙarar wutar ita kaɗai ta isa shaida.

A gida, da zarar kin zuba shinkafar mutum shida a kasko ɗaya, zafin ya faɗi, ruwa ya fito, suya ta koma turare. Daga nan sai caɓewa. Abin da ya gyara mana lamarin abu uku ne. Na ɗaya, soya kwano ɗaya ɗaya, a juye, a sake ɗora kasko ya yi zafi. Na biyu, kaskon baƙin ƙarfe maimakon mai santsin nan da ba ya kamu, domin shi ba ya son wuta mai tsanani, rufinsa lalacewa yake yi. Na uku kuma shi ya fi ba ni mamaki: murhun gawayi. Ranar da gas ya ƙare muka hura gawayi a tsakar gida, yarinya tana fifita ina juyawa, ita ce ranar da shinkafarmu ta fi kusa da ta gidan abinci. Gawayin da ya ruru da kyau ya fi ƙaramin kan gas zafi.

Duk da haka, idan ana maganar soyayyiyar shinkafa da soyayyiyar taliya, ƙwararren mai girki ya fi mu. Sai dai akwai sharaɗi wanda ba kowa ke lura da shi ba. Wannan ƙamshin ba ya jure tafiya. Idan aka rufe abincin a robar tekawe, mai babur ya ɗauko shi daga wani gefen gari, ya biya ya sauke wata oda, ya tsaya a cunkoson Ƙofar Nasarawa, minti arba'in sun wuce, tururi ya koma cikin shinkafar. Abin da zai iso hannunki bai fi wadda za ki soya da kanki ba, ga kuɗi ya tafi. Saboda haka in za ki saya, ki je can ki ci da zafinsa, ko ki tafi da kularki a zuba miki ki juyo gida kai tsaye.

Kafin in bar shinkafa, akwai haɗarin da ya shafi hanyoyin biyu. Bidiyoyin nan duk suna cewa a yi amfani da shinkafar jiya, amma ba sa faɗin inda za ta kwana. Akwai wata ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke iya tsira daga dafuwa. Idan shinkafa ta daɗe a zafin ɗaki sai ta hayayyafa ta saki guba, kuma sake suya ba ya kashe wannan gubar. Amai ne ke biyo baya cikin 'yan awanni. A garin da zafin bazara ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar magana ba ce. A gida nakan baza shinkafar a faranti ta huce cikin awa guda, ta shiga firiji, a soya ta washegari. In babu wuta, sai in dafa sabuwa da ruwa kaɗan, in baza ta a gaban fanka ko a inuwa ta sha iska rabin awa, a soya nan take. A gidan abinci ba ki ganin inda tasu ta kwana. Gidan da ke da ciniki sosai ya fi aminci ta wannan fuska, domin shinkafa ba ta zama.

Abin da ke cikin tukunya

Nan ne na fi daɗewa ina tunani, kuma nan ne gida ya fi samun galaba a zuciyata. Naman alade shi ne naman da aka fi ci a ƙasar Sin, kuma ba a matsayin tsoka kaɗai yake shiga abinci ba. Kitsensa na shiga suya, niƙaƙƙensa na shiga cikin ƙullin fulawar nan da ake turarawa, ƙashinsa na shiga romo. Jan gasasshen naman da ake yayyankawa a kan shinkafa mai suna char siu na alade ne a asalinsa. Farin romon taliyar Japan da ake kira tonkotsu, wanda matasa ke sha'awa a bidiyo, ƙashin alade ne aka tafasa awanni masu yawa har ya yi kauri. Bayan alade ga giya. Girkin Sin yana yawan amfani da giyar shinkafa ta Shaoxing wajen jiƙa nama da kashe ƙarni, na Japan kuma yana amfani da mirin, wanda na ainihinsa ke ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin ɗari. Masu cewa duk tana ƙonewa a wuta ba su faɗi daidai ba, suyar minti uku ba ta kore ta gaba ɗaya.

Ba ina cewa duk gidan abincin Asiya haka yake ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke Arewa sun san su wa ke saye a wajensu, sun cire alade daga kicin ɗinsu ɗungurungum, kuma masu girkin ma sau da yawa 'ya'yanmu ne da suka koyi aikin. Ƙasar Sin kanta tana da Musulmi miliyoyi, 'yan ƙabilar Hui da Uygur, masu girkinsu na halal. 'Yan kasuwarmu da ke zuwa Guwanzu sarin kaya sun san shagunan taliyar Lanzhou, mai romon naman sa wadda ake ja da hannu, domin a nan da yawansu ke cin abinci hankali kwance. Matsalar ita ce daga jerin abincin da aka turo miki a WhatsApp ba za ki gane wane irin gida ba ne.

Don haka na koyi yin tambaya, kuma na daina jin nauyinta. Ba na tsayawa a "halal ne?" domin kowa zai ce e. Nakan ce: "Malam, don Allah ana dafa alade a kicin ɗin nan ko da don wasu baƙi ne? Kasko ɗaya ne da mai ɗaya? Ana sa giyar girki a miya? Kajin daga ina ake kawo su, wa ke yankawa?" Gidan kirki zai amsa ba tare da ɓata rai ba, wani ma ya kira miki mai girkin. Akwai inda na tambaya aka ce babu alade, na ce giyar girki fa, sai yaron ya shiga ciki ya dawo ya ce ana ɗan ɗiga wa naman sa. Na gode masa ƙwarai da gaskiyarsa, na canja oda. Akwai kuma inda aka yi ta kwana-kwana, ban sake komawa ba.

Girki a gida ma bai kuɓutar da ke daga karanta kwalba ba. Soya sos na ainihi ana yin sa ne da waken suya da alkama da gishiri da ruwa, a bar su su tsima watanni, kuma wannan tsimin yakan bar ɗan burbushin barasa a ciki. Malamai sun yi magana a kan irin wannan, ra'ayoyi sun bambanta, kuma ba ni ce mai fatawa ba. Abin da na yi shi ne neman kwalba mai tambarin halal, akwai su, musamman waɗanda ake yi a Malesiya da Indonesiya. Haka jan ƙullin barkonon Koriya mai suna gochujang, wasu kamfanonin na ƙara masa barasa don kada ya lalace, sai an duba bayan roba. Shi kuwa baƙin sos ɗin kawa (oyster sauce), wanda kamfanin Lee Kum Kee ya samo asali daga gare shi a 1888 a lardin Guangdong, daga dabbar ruwa ake yin sa, kuma a mazhabar Malikiyya da akasarinmu ke bi dabbobin ruwa halal ne. A madadin giyar girki nakan sa romon kaza da ɗigon ruwan khal da ɗan sukari. Ba ɗaya suke ba, amma citta da tafarnuwa suna rufe gibin yadda babu wanda ya taɓa yin ƙorafi a gidana.

Lissafin kuɗi

Ba zan rubuta farashi ba domin kafin ki karanta ya canja. Tun da aka saki Naira a Yunin 2023 duk kwalbar da ta ƙetaro teku bin dala take yi. Amma tsarin lissafin bai canja ba. Ranar farko ta girkin gida ita ce mai ciwo: kuɗin da na kashe a kwalabe ya fi na odar mutum uku. Daga rana ta biyu sai abin ya juya, domin kwalbar soya sos ɗaya takan kai mu kusan wata biyu.

Yawan bakunan da ke gida shi ke yanke hukunci. Ɗalibi ko ma'aikacin da ke zaune shi kaɗai, wanda sha'awar abin kan taso masa sau ɗaya a wata, ya yi odarsa kawai, kwalaben za su lalace a kan kanta kafin ya kai rabi. Amarya da ango ma kusan haka. Gida irin namu mai mutum tara kuwa, ban da wanda zai yi sallama ana cikin ci, odar da za ta ƙosar da kowa kuɗin cefanen kwanaki ne, ga kuɗin mai kawowa. Robar tekawe ɗaya ba ta san al'adarmu ta ƙari ba.

Inda masu girkin gida ke asara shi ne bin kowane bidiyo da sayayya. Wannan ya ce sai da wani ganye, wancan ya ce sai da wani gari, ki wayi gari da kwalba goma sha biyu, takwas an buɗe su sau ɗaya. Abin da na ga ya wajaba biyar ne: soya sos mai ruwa-ruwa don gishiri, mai duhu don launi, ruwan khal, konfulawa, da man riɗi. Sauran duk namu ne. Cittar kudancin Kaduna, ta wajen Kachia, tana cikin mafi ƙarfi a duniya, ko da yake cutar da ta faɗa wa gonaki a 2023 ta sa ta yi tsada sosai. Riɗin Jigawa da Nasarawa da Binuwai shi ake lodi ana kai wa Japan da Sin. Abin lura kawai, man riɗin da suke nufi na soyayyen riɗi ne, mai duhu mai ƙamshi, kuma ɗigawa ake yi bayan an sauke, ba a suya da shi. In bai samu ba, ki soya riɗi a busasshen kasko har ya yi ja, ki daka, ki barbaɗa. Ƙamshin zai fito.

Inda gida ya yi nasara

Man barkono shi ne na farko. Wanda ya yi suna a duniya shi ne Lao Gan Ma, na wata mata mai suna Tao Huabi da ta fara da ƙaramin shagon taliya a lardin Guizhou kafin ta buɗe masana'anta a shekarun 1990. Kwalbarsa tana da daɗi, amma ga mai dakan yaji wannan ba baƙon aiki ba ne. Ki soya yankakkiyar albasa da tafarnuwa a man gyaɗa a wuta kaɗan har su yi ƙaras-ƙaras, ki tsame, ki bar man ya ɗan huce, ki zuba shi a kan dakakken busasshen barkono da riɗi da gyaɗa da gishiri, ki mayar da albasar. In man ya yi zafi da yawa barkonon zai ƙone ya yi ɗaci, wannan kaɗai ne wajen kuskure. Namu har a kan ɗanwake da dafaffen ƙwai muke ci. Da shi a hannu, haɗin kokwambar da ya cika waya a 2024 aikin minti biyar ne, kuma bai kamata a saye shi ba ko kaɗan, domin yana tsatsafo da ruwa tun kafin ya iso.

Na biyu awara. Abin da suke kira tofu ita ce awararmu, madarar waken suya da aka sa wa tsami ta dunƙule. Maƙwabciyarki mai suyar awara za ta sayar miki da ɗanya da safe, sabuwa fil, a kuɗin da bai kai rubu'in na kanti ba. Ki yanka, ki shafa konfulawa, ki soya, ki juya ta a cikin soya sos da citta da tafarnuwa da ɗan zuma. Yaran da suka raina awarar ƙofar gida sun cinye wannan har suna neman ƙari. Haka nan daddawa: ƙwayar halittar da ke tsima ta ita ce ke tsima waken natto na Japan, kuma a miyar da ake neman baƙin tsimammen waken Sin, ɗan ƙullin daddawa yana tsaya masa.

Na uku laushin nama. Na daɗe ina mamakin yadda naman sa a gidajen abincin Sin yake narkewa a baki alhali minti biyu ya yi a wuta. Dabarar ba ta da wuya. A yanka shi siriri a gicciye, ba bin tsawon tsoka ba. Ga rabin kilo, rabin ƙaramin cokali na bekin soda, babban cokali ɗaya na soya sos, ɗaya na konfulawa, ɗaya na mai, a cakuɗa a bar shi minti ashirin. Aikin da kanwa ke yi wa wake shi bekin soda ke yi wa naman. Kada a wuce wannan awo, in ya yi yawa sai ɗanɗanon sabulu ya fito. Tun da na gane wannan, naman sa da koren tattasai ya fita daga jerin abin da muke oda. Wani sinadari ɗan'uwan wannan ne ma ke ba taliyar ramen ta Japan launin rawaya da danƙo, su 'yan Japan suna kiran ruwan nasu kansui. In kika tafasa siririyar taliyar leda da ƙaramin cokali biyu na bekin soda a lita ɗaya ta ruwa, za ta ɗauko kama da ita sosai.

Kazar Koriya ma gida ta fi, saboda dalili ɗaya: ƙaras-ƙaras ɗinta. Suya biyu ake yi, ta farko a wuta matsakaiciya har ta nuna, a tsame ta huta, ta biyu a mai mai zafi sosai na minti biyu, sannan a juya ta a miya a ci nan take. Wadda aka kawo mana a roba ɓawon ya riga ya jiƙe.

Sai taliyar yara. Indomie da ta zama kamar 'yar gida asalinta daga Indonesiya take, kuma tun tsakiyar shekarun 1990 ake yin ta a Ota ta jihar Ogun. Ita kanta dabarar busasshiyar taliya mai saurin dahuwa wani ɗan Japan ne, Momofuku Ando, ya fito da ita a 1958. Yanzu yayin da ake yi na Buldak ne, ta kamfanin Samyang na Koriya, wadda ta fito a 2012, matasa na gasar cin ta a gaban kyamara. Yajinta ya kai inda a Yunin 2024 hukumar abinci ta Denmark ta janye nau'i uku daga kantuna. Mun sayi leda biyu masu tambarin halal, mun ɗanɗana, kuma na hana ƙananan yara. Kuɗin leda ɗaya ya sayi namu da yawa, kuma Indomie da man barkonon gida da ƙwai da lawashi ta biya mana buƙata.

Inda ya fi kyau a saya

Duk abin da ke buƙatar hannun da ya shekara yana yi. Ƙullin fulawa mai nama a ciki da ake turarawa, mun gwada sau uku. Ya ciwu, amma fatar ta yi kauri, kuma yini guda ya tafi a kan abin da aka cinye cikin minti goma. Taliyar da ake ja da hannu ko gwadawa ban ba da shawara ba, sana'a ce da ake zama a koya. In kin sami gidan halal da ke yin waɗannan biyun, kuɗinki bai tafi a banza ba.

Samosa da sifirin rol suna tsakiya. Sun daɗe da zama namu, babu biki ko shan ruwa da ba a ganin su. In don faranti ɗaya ne, saya. In don azumi ne, a sayi fatar, a zauna rana ɗaya da yara a naɗe ɗari biyu a sa a firiza, da sharaɗin unguwarku na samun wuta ko kuna da sola.

Abincin Indiya ya fi sauƙin sha'ani ta fuskar alade, domin da wuya ki same shi a gidajensu, kuma rabin jerin abincin ma na ganye da wake ne. Tambayar yankan kaza dai tana nan. Biryani ki saya sau ɗaya ki ji yadda ya kamata ya kasance, shinkafar basmati doguwa warwar, nama a ƙasa, an rufe tukunya ruf ta turara a wuta kaɗan. Bayan nan ki dafa da kanki, domin abincin taro ne, kuma kanumfari da kirfa da man shanu duk muna da su. Burodinsu naan kuwa sai da tanda mai zafin da murhun gida ba zai kai ba. Amma mu Kanawa ba mu da asara a nan: tandar da suke kira tandoor ita ce tanderun da matan Jakara ke gasa gurasa a ciki, sunan ma tushensa ɗaya. Gurasa mai zafi da miyar kazar Indiya da kika dafa a gida sun dace kamar tare aka yi su.

Wanda na haƙura da shi shi ne sushi, haɗin shinkafar Japan mai ɗanyen kifi. Tsakanin Kano da teku tafiyar kusan kilomita dubu ce, kuma kifin da za a ci ɗanye sai ya zauna a sanyi ba yankewa tun daga jirgin ruwa har faranti. Ƙa'idar kashe tsutsar da ke jikinsa ita ce daskarewa a digiri 20 ƙasa da sifili har kwana bakwai, abin da firizar gida mai ɗauke wuta ba za ta tabbatar ba. Kifin ruwan daɗi irin tarwaɗa da karfasa kuwa ba a cin su ɗanye ko kusa. Mai ciki da ƙananan yara su nisance shi ko a ina ne. Da yarinyata ta matsa, sai muka yi gimbap na Koriya, naɗin shinkafa a cikin ganyen teku irin na sushi, amma cikinsa soyayyen ƙwai ne da karas da dafaffen nama.

Gishiri da farin magi

Mutane da yawa na tsoron abincin Sin saboda farin magi. Wani masanin Japan, Kikunae Ikeda, shi ya gano sinadarin a 1908 daga ganyen teku, kuma irinsa ne ke cikin tumatir da daddawa yake ba su daɗi. Hukumomin lafiya sun amince da shi a awon da aka saba ci. Abin da ya fi cancantar tsoro gishiri ne. Babban cokali ɗaya na soya sos yana ɗauke da sodiyam kusan miligiram 900, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai 2,000 a yini. Cokali biyu sun kusa cinye kason ranar. Ga sukarin da ke cikin jajayen miyar nan masu sheƙi, wanda sai da na dafa da hannuna na ga yawansa. Maigidana yana da hawan jini, don haka wannan kaɗai ya isa ya sa yawancin abin da yake ci ya fito daga kaskona: in na sa soya sos ba na ƙara gishiri ko dunƙule. In oda ta kama, nakan ce a zuba miyar daban, a rage sos.

Akwai abu ɗaya da gidan abinci ya ba ni wanda bidiyo bai iya ba. Bidiyon yana matse aikin awa guda ya koma daƙiƙa arba'in, ya ɓoye yanke-yanke da jira da wanke-wanke, kuma ba ya sa miki komai a harshe. Sau biyu muka dafa wata miya mai tsami da zaƙi muna zaton mun yi daidai, sai da muka sayi ta ƙwararru muka gane tsaminmu ya yi yawa, kaurin kuma ya wuce. A karo na uku muka daidaita. Tun daga nan duk sabon abin da 'yata ta nuno mini, nakan ce mu fara nemo inda ake yin sa na halal mu sayi roba ɗaya, kowa ya ɗanɗana cokali biyu, sannan a shiga kicin.

Yanzu a gidan nan ranar Asabar ce ranar kasko. Ana dafa shinkafar tun daren Juma'a in da wuta, ana hura gawayi bayan La'asar, ita tana suya kwano ɗaya ɗaya, ni ina yanka lawashi. Ƙullin fulawar nan kuma har yau saye muke yi, sau ɗaya a wata, a gidan da mai girkinsa ya fito da kansa ya nuna mini kwalaben da yake aiki da su.